Saboda Ƙugiya Ɗaya

Kafin ku ce komai a kaina, ina so ku ɗauki alƙalami ku rubuta kalmar ƙarya. Kun rubuta? To ku goge 'yar ƙugiyar nan ta saman harafin farko, ku sake karantawa. Abin da ya fito daga bakinku yanzu, da shi aka kira ni a garinmu a daminar 1965. Kuma ba maƙiyi ne ya laƙaba min ba. Ni na sayar da keken ɗinkina, na ɗauki ƙafa na kai aka buga min shi har sau ɗari biyar.

Sunana Bara'atu, 'yar Malam Inuwa limamin unguwarmu a Sharada. A lokacin Sharada gonaki ce da rumbuna, kamfanoni duk suna can Bompai. Ni kaɗai ce mace a unguwar da ta yi boko har ta fito da takardar koyarwa, kuma ban taɓa ɓoye cewa ina ji da kaina a kan hakan ba. Daga azahar zuwa la'asar ina koyar da matan aure yaƙi da jahilci a gidan mai unguwa. Da hantsi kuma, in na gama shara da wanke-wanke, sai in zauna a bakin gado in ɗora littafi a kan akwatin ƙarfena in yi ta rubutu.

Shekara guda na yi a kan ɗan labarin, shafi arba'in kacal, na ban dariya. Wani mutum na ƙirƙira, ɗan garinmu, ya samu aikin share ƙofar kamfani a Bompai, ya dawo gida ya ce shi ne manaja. Ya ari laktaye ya ɗaura a wuya a kan babbar riga. Ranar da mutanen gari suka yi gayya suka je neman aiki wurinsa suka tarar da shi da tsintsiya a hannu, sai ya ce ai manajan ƙwarai shi ke gwada tsintsiya kafin a raba wa leburori. Na sa wa littafin suna Babbar Ƙaryar Sharada. Na aika wa masu buga littattafai, wata bakwai shiru, sannan suka dawo min da shi da tabon shayi a shafi na uku. Sai Tijjani ya ce mu buga da kanmu.

Tijjani Garba akawu ne a wani kamfanin alewa a Bompai, shi ke kula da takardun da ake manna wa gwangwani. Siriri ne, kullum cikin farar riga mai karin guga, ba ya ɗaga murya ko da an taka shi. Shekara biyu yana nemana, kuma cikin duk waɗanda suka taɓa yin sallama da ni, shi kaɗai ne bai tambaye ni yaushe zan daina aiki ba. Don haka na so shi, kada ku yi zaton wani abu ne daban. Wasiƙunsa a bayan takardar alewa yake rubuta su, Yaya Lawan, wana da ke aiki a kamfanin matsar gyaɗa, ya kawo min a aljihu, suna ƙamshin minti da mai. Magana ta riga ta yi nisa, Juma'a mai zuwa kawunnansa za su zo a tsayar da ranar biki.

Ran Asabar Yaya Lawan ya shigo da kwali ɗaure a bayan keke, ya lulluɓe shi da buhu saboda yayyafi. Ɗari uku ne a ciki. Sauran ɗari biyun suna wurin Tijjani, shi zai raba wa masu tebur a ƙofofin kamfanoni. A saman kwalin akwai 'yar takarda:

"Malama, barka da arziki. Ban ko buɗe nawa ba, na ce ke za ki fara gani. T."

Na yanke igiyar da wuƙar Inna. Bango ruwan ɗorawa, manyan baƙaƙe. Zan gaya muku gaskiya, ban karanta sunan littafin ba. Wa ke tsayawa karanta abin da ya haddace? Sunana na kalla. Na kalle shi har idona ya kawo ruwa, na kai littafin hanci na shinshina tawadar. Na shiga ɗaki na ɗauko atamfata ta Sallah mai shuɗin ganye, na kafa ɗankwali, na zizara kwalli, na ɗaura agogo, na yafa farin mayafi.

Inna tana tsince shinkafa ta bi ni da kallo. "Ina zuwa haka? Ko baƙin Juma'ar ne suka yi sammako?"

"Aji za ni, Inna."

"Aji da atamfar Sallah. Allah ya shirya."

Mata goma sha tara na tarar a kan tabarmi, wasu da goyo. Na ɗaga littafin sama na ce yau ba allo, yau littafin malamarku za ku karanta. Aka yi guɗa. Na miƙa wa Talatu, wadda ta fi kowa ƙoƙari. Talatu ce na fi wahalarwa a kan ƙugiya. Sau nawa ina buga rula a tabarma ina cewa baki daban baƙi daban, kura daban ƙura daban, ku karanta abin da idonku ya gani ba abin da ranku ya raya muku ba.

Ta goge hannu a zani, ta ɗora yatsa.

"Bab-bar. Kar-yar. Sha-ra-da." Yatsan ya sauko layi na biyu. "Ba-ra-'a-tu. I-nu-wa."

Ba wadda ta motsa. Jaririn wata ya yi atishawa.

"Sake," na ce.

"Malama, haka yake."

"Na ce ki sake!"

"Wallahi Malama babu ƙugiya. Ke kika ce mu karanta abin da muka gani."

Na fizge littafin. BABBAR KARYAR SHARADA. A ƙarƙashinsa, ba wata kalma a tsakani, BARA'ATU INUWA. "Daga alƙalamin" da na rubuta kafin sunana ya ɓace. Wata daga baya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga ita sai ta kusa da ita. Ban tsaya na ga ƙarshen dariyar ba. Na tattara littattafaina na fito, kuma ban yi gudu ba, a hankali na taka har gida, kaina a sama. Amma labarin ya riga ni isa.

Bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni zaure. Yana zaune a kan buzu, littafin a gabansa, bai taɓa shi ba. Baba ba ya karanta boko.

"Nuna min inda ɓarnar take."

Na durƙusa na zana haruffan biyu a ƙasa da yatsa, ɗaya da ƙugiya, ɗaya babu. Ya daɗe yana kallo.

"Wato ƙaf ce ta koma kaf."

"Haka ne, Baba. Laifin mai buga ne, ba..."

"Ban tambaye ki na wane ne ba. Mu in ɗalibi ya yar da ɗigo ɗaya a allo, wanke allon muke sa shi ya yi. Naki allon guda nawa ne?"

"Ɗari biyar."

Ya rufe ido. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

"Ni na kai ki makaranta ana zagina a bayan sahu," ya ce. "Ban yi nadama ba, kuma ban hana ki rubutu ba. Amma rabin sunan nan nawa ne, da shi nake tsayawa gaban mutane sau biyar a rana. Kafin mutanen yaron nan su zauna a zauren nan ran Juma'a, ko dai sunan ya bar jikin takardar, ko takardar ta shiga murhu. Tashi ki je."

Ran Litinin na bi Yaya Lawan zuwa bakin titi, na hau bas ta Nassarawa har Bompai. Shagon Malam Gali mai buga takardu yana bayan katangar wani kamfani, rumfar kwano ce mai warin kananzir, da injin da ake takawa da ƙafa. Na ajiye littafin a kan teburinsa ban ko gaishe shi ba.

"Ina ƙugiyoyina?"

Ya ɗaga tabarau. "Wace ƙugiya, Malama?"

Na nuna masa. Ya jawo wani faffaɗan akwati mai ƙananan gidaje, cike da haruffan dalma.

"Duba da kanki. In kin samu mai ƙugiya ko guda, ɗauki kyauta. Wurin wasu Turawa na saye su da za su tashi. Shekara shida ina buga wa kamfanoni, ba wanda ya taɓa zuwa neman ƙugiya."

"Amma ka gan su a rubutuna."

"Na gani mana. Na ɗauka ado ne irin naku na 'yan makarantar mata."

"Ado! To 'daga alƙalamin' fa, shi ma ado ne?"

"Shi bai shiga layi ba. Haba Malama, Bahaushe ai zai gane abin da ake nufi."

"Ya gane. Duk Sharada ta gane."

Na ce ya sake min bango da wani suna daban. Ya girgiza kai, ya ce injinsa na kamfanoni ne har ƙarshen wata, ko takardar ɗaurin aure ba zai iya sakawa a tsakani ba.

Ina fitowa na ga Tijjani yana tahowa da sauri, an tashi cin abinci. Muka tsaya ƙarƙashin wata darbejiya a bakin kwata. Idonsa ya faɗa, da gani bai yi barci ba.

"Gwaggo Ladidi ta ji," ya ce. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa. "Jiya ko tuwo ba ta ci ba. Ta ce ita da wane ido za ta kai lefe gidan da ake..." Ya haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana. Ai a rubuce yake."

"Malama, ki saurare ni. Na samo dabara. Aikina ke nan, manna takarda. 'Yar siririya za a yanka a rufe layin ƙasa. Kalmar nan ta mace ce. In sunan namiji ne a ƙarƙashinta ba wanda zai kawo wannan fassarar a ransa, kowa zai gane ƙarya ake nufi."

"Sunan wane namijin?"

Ya kalli takalminsa. "Ko na wane ne. Nawa ma ya yi."

"Naka."

"Nan da wata biyu ai sunana naki ne."

"To kawo takardarka ta gama makaranta in manna nawa a kai. Nan da wata biyu ai duk ɗaya ne."

"Ba wasa nake ba, Bara'atu."

"Ni ma. Shekara guda ina rubutu a kan akwati, bayana har yau ciwo yake. Kai a cikin shafi arba'in ɗin nan wace kalma ce taka?"

"Ba littafin nake so ba, ke nake so in fitar."

"Zan fitar da kaina. Ƙugiya ce babu, zan sa ta da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. In na gama ɗari ukuna ka aiko da naka. Kafin nan kada ka taɓa su."

Jiniyar komawa aiki ta kaɗa.

"Ka ji ni?"

"Na ji ki," ya ce. Sai daga baya na lura cewa na ji ki kawai ya ce.

Talata da Laraba a tsakar gida na yi su, gindin rumbu, da kwalbar baƙar tawada da alƙalamin tsomawa. Bangon yana da santsi, tawadar ba ta zama, sai ta baje. In na ja ƙugiyar siririya ba ta fitowa, in na danna ta yi kauri ta lanƙwashe. Na shanya su a kan tabarma jere-jere kamar kuɓewa, ina kora kaji, ina duban hadari. Yatsana na tsakiya ya kumbura ya yi baƙi. Yaya Lawan ya dawo ya tsaya a kaina da kekensa, ya karkata kai.

"Wannan ai kamar wutsiya kika yi mata."

Ya faɗa ne don in yi dariya. Da ya ga fuskata sai ya jingine keken ya shige ɗaki, bai ƙara fitowa ba sai da aka kira magariba. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Aji kuwa, ran Talata mata huɗu suka zo. Ran Laraba Talatu kaɗai, ita ma kuka ta zo yi, wai ita ta jawo min. Na ce ta share hawayenta, a duk garin nan ita kaɗai ce ta yi abin da aka koya mata. A hanyar dawowa, daidai dangar wani gida, wani ya yi haushi. Ba kare ba ne, kuma ba yaro ba ne, muryar babban mutum ce mai iyali, na ma san mai ita. Ban waiwaya ba. Amma da na shiga ɗaki sai da na cusa mayafi a baki don kada Inna ta ji.

Ta ji duk da haka. Ta shigo ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba.

"Lawan ya gaya min abin da yaron nan ya ce. Ki bar shi ya manna mana. Mutum ya ce zai ɗauki abin kunyarki ya ɗora a kansa, irinsa nawa ne a gari?"

"Ba kunyar kaɗai zai ɗauka ba, Inna. Har da littafin."

"To sai me? Suna ci ake yi? Ni shekarata talatin a gidan nan, Malam bai taɓa kiran sunana ba, ku ba ku kira ba, har na kan manta da shi sai in na je garinmu. Mutuwa na yi?"

Na dube ta. Na san sunanta Hansatu, amma ban taɓa jin sa a bakin kowa ba. Amsar da ke bakina za ta yi mata ciwo, sai na mayar da kallona kan yatsana mai tawada.

Da yamma Yaya Lawan ya miƙo min takardar alewa.

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Na shawo kan Gwaggo. Juma'a tana nan. Ki huta da tawadar nan haka. T."

"Ta yaya ya shawo kanta?" na tambaya.

"Oho. Amma littafinki fa ya kama kasuwa a Bompai. Wurin cin abinci mutum ɗaya ke karantawa, ashirin na dariya. Jiya wani har ya ƙware da kunu."

Na miƙe tsaye. Na manta da na ce kada a taɓa su, na manta da komai. Ana karantawa! Ana dariya!

"Ba su ce komai a kan bangon ba?"

"Ba su ce ba," in ji shi, ya sunkuya yana duba sarƙar keken da ba abin da ya same ta.

Ku da kuke karantawa kun riga kun gane. Ni ban gane ba, ko kuma ban so in gane ba. Ran Alhamis na zaɓi hamsin waɗanda ƙugiyarsu ta fi kyau, na jera a kwando na rufe da ɗankwali. Na sa atamfar nan dai ta Sallah, don na rantse ba za ta zama kayan baƙin ciki ba. Na isa Bompai gab da tashi daga aiki.

Tun daga nesa na ji dariyar. A ƙofar kamfanin alewa, mutane sun kewaye teburin wani mai sayar da goro da sigari, Isyaku ake ce masa, leburorin da suka fito da wuri da masu jiran canji, wasu da garin sukari a gira. Isyaku ya hau kan benci yana karantawa da ƙarfi, yana kwaikwayon muryar manajan ƙarya. Daidai wurin laktaye yake. Wani dattijo ya riƙe ciki yana cewa a dakata masa ya huta. Na tsaya a gefe, kwando a ka. Duk abin da na sha a kwana biyar ɗin nan, a wannan minti na ji ya biya.

Sai na matsa na ɗauki ɗaya daga kan teburin.

Farar takarda ce siririya, an yanka ta daidai, an manna ta ba ko karkata. TIJJANI GARBA. Ba da hannu aka rubuta ba, bugawa aka yi. Injin Malam Gali da ba shi da sarari har ƙarshen wata, ashe ya samu sarari.

"Saura bakwai, Malama, ki yi sauri," in ji Isyaku daga kan benci. "Akawun nan namu ashe shaiɗani ne. Ka gan shi shiru-shiru, ashe duk yana kallonmu yana rubutawa!"

Na sa farce a gefen takardar na ja. Gam ɗin kamfani ne, wanda ake yi don kada ruwa ya ɗaye shi. Takardar ta taso, amma tare da fatar bangon ta taso. Sunansa ya fita, nawa ma ya bi shi. Ba abin da ya rage sai wani farin tabo mai gashi-gashi.

"Kai! Malama, kin ɓata min kaya!"

Jiniya ta kaɗa, aka buɗe ƙofa. Yana cikin na farkon fitowa, da farar rigarsa. Mutane suka ɗauka gaba ɗaya: "Manaja! Manaja mai tsintsiya!" Wani ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Na so a ce na ga kunya a fuskarsa, da na samu abin da zan riƙe in yafe masa. Murmushi na gani, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, har da ɗan sunkuyar da kai irin na wanda aka yaba wa kuma ya ji daɗi. Sannan idonsa ya faɗo a kaina.

Ya ratso mutane ya zo dab da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Don ke na yi. Gwaggo ta ga sunana, na ce mata kuskure ne aka gyara, ta haƙura. Baba ma abin da ya nema ke nan. Gobe Juma'a, Bara'atu. Ki bari gobe ta wuce, na roƙe ki."

"In ta wuce sai ka hau bencin nan ka gaya musu?"

Ya kawar da kai.

Na sauke kwandon, na yaye ɗankwalin, na juye littattafan a kan goron Isyaku. Hamsin, kowanne da ƙugiyarsa mai kama da wutsiya, kowanne da sunana. Isyaku ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki nasa, ya haɗa su yana duba wannan yana duba wancan.

"Ikon Allah. Littafi ɗaya, suna biyu. Wace ce kuma Bara'atu Inuwa?"

Idanu suka dawo kaina. Na san akwai 'yan Sharada a cikin taron, na ga biyu. Na san duk abin da na faɗa zai isa zauren Baba da kunnen Gwaggo Ladidi kafin in sauka daga bas. Tijjani yana kallona, leɓensa na motsi ba sauti.

"Ni ce."

Daga can baya wani ya yi haushi, wasu suka tuntsire. Dattijon nan mai riƙe ciki ya juya ya daka musu tsawa, sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"'Yata, in ke kika rubuta, gaya mana yadda ya ƙare da laktayen. Isyaku bai kai wurin ba."

Ban buɗe littafin ba. Na rungume shi a ƙirjina na karanto musu da ka, yadda akuyar mai unguwa ta kama bakin laktayen a tsakiyar kasuwa ta dinga ci tana matsowa, manaja yana ja da baya yana cewa a bar ta, sakatariyarsa ce ta zo da saƙo. Ban ko ji daɗin faɗar ba. Isyaku yana bin shafin da yatsa, ya ɗago ya ce, "Wallahi haka yake, ko kalma ba ta tsallake ba." Suka fashe da dariya, irin wadda na shekara ina jin ta a kaina ni kaɗai a ɗaki. Da na duba inda Tijjani yake tsaye, wani mai keke ne a wurin.

Isyaku ya ce in bar masa hamsin ɗin. Na bari. Na ɗauki kwandona wayam na hau bas, aka yi ta yayyafi har Sharada, atamfar ta jiƙe ta manne min a jiki.

Takalman Baba suna ƙofar zaure, tare da wasu guda biyu da ban sani ba, ana magana ƙasa-ƙasa a ciki. Na bi ta gefe na shiga. An share tsakar gida tas, an wanke manyan kwanukan baƙi an kife a kan rumbu, sabuwar tabarma tana jingine a bango. Inna tana bakin turmi tana dakan furar gobe, gumi yana bin wuyanta. Ta ɗago ta ga kwandon babu komai, fuskarta ta saki, ta ɗauka na kai an manna.

"Madalla da 'yata. Kin ga yaron? Bai ce miki su nawa za su zo ba, in san yawan geron da zan ƙara?"

Na ajiye kwandon, na karɓi taɓaryar daga hannunta.

"Wannan ma ya isa, Inna," na ce, na ci gaba da dakan.